Takardar da Inna Floarea Ta Cika

Torino, 3 ga Maris

Zuwa ga Inna Floarea,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ba lalle ki tuna ni ba. Sunana Ilinca, ɗaya daga cikin yaran da kika rena a gidan marayun garinku. A 1991 wasu Italiyawa suka ɗauke ni riƙo, ina da shekara uku. A takarduna na ga sunanki.

Na yi aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni da mijina muna so mu ɗauki yaro daga gidan nan. Wa za mu nema?

Taki cikin girmamawa,
Ilinca

Vaslui, 19 ga Maris

Ilinca 'yata,

Ban tuna ki ba? Ke da kika cije ni a yatsa a kan cokalin tuwon masara! Na gode Allah da kina raye.

Kin makara, 'yar nan. An rufe gidan shekara tara ke nan, yanzu ɗinki ake koyarwa a ciki. Yaran ƙarshe su goma sha ɗaya ne, duk a nan suka samu iyaye. Ni na bi gida gida har aka karɓe su. Maƙwabcina Vasile mai gyaran mota ya ɗauki biyu, ya ce wai ɗaya ba ya cika gida da hayaniya. Babu wanda ya hau jirgi. Mun daina tura 'ya'yanmu waje.

Ki gaida maigidan.
Floarea

Torino, 2 ga Afrilu

Inna,

Na yi murna, amma na yi kuka. Ki yafe mini tambayar nan: me ya sa ni ba wanda ya riƙe ni a garinku?

Ilinca

Vaslui, 15 ga Afrilu

'Yata,

Na nemi a ba ni ke, aka ce ɗaki ɗaya gare ni kuma ba ni da miji. A sanyin waccan shekarar yara shida suka mutu a ɗakinku, ke ma tari ya kama ki. Baƙin kuwa lafiyayyu suke nema. Ni na cika takardarki, na rubuta lafiyarki ƙalau. Na murtsuke miki kumatu har suka yi ja, na sa ki a mota da hannuna, na koma na ci gaba da wanki.

Ƙarya na yi, kuma ba zan nemi gafara ba. A shekara talatin da na yi ina aiki, babu abin da nake alfahari da shi kamar wannan takarda.

Allah ya tsare ki.
Floarea

Torino, 6 ga Mayu

Inna,

Sai yau na iya riƙe alƙalami. Muna zuwa ranar Asabar, a jirgin ƙasa na rana. Mijina yana tambaya, me ake kai wa suruka a can?

'Yarki,
Ilinca