Numfashin Gawo Ya Raba Wa da Ƙane

Gwaggo Tsahara, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka. Mai wanga rubutu babban darakta ne na dazuzzukan jihar Tawa, mai mota da direba, wanda jandarma ke sara mishi. Ban saba neman shawara ba, amma wata magana ta hana ni cin tuwo.

A Dogarawa akwai wani ɗalibi, Lurwanu, da ya zo daga babbar lakwal ta Yamai, wato jami'a, yana auna numfashin gawon gonar ubansu. Ashe icce na numfashi, Gwaggo. Ya ɗaure wani ɗan akwati ga jikin gawon, wajen gabas, shi ke kama numfashin. Ya soka wata allura wajen yamma, ƙarƙashin ɓawo, ita ke faɗin zafin jikin iccen. Ya ce in zafi ya hau numfashi ma hawa yake, da haka yake lissafin na yini duka. To sai abu ya ƙi. Da la'asar allura ta ce gawo ya yi zafi jau, akwati ya ce numfashi bai kai ko kusa ba. Da hantsi kuma su juya. Malaminsa ya bugo waya ya ce in bai gyara ba, aikin shekara ya tashi banza.

Lurwanu na da ƙane, yaron kirki, sai dai ɗan wasa. Gaskiya ya taɓa sa mishi kwaɗo cikin takalmi. Ya taɓa gaya ma mata masu tallan nono cewa akwatin na ɗaukar hirarsu ana ji a Yamai, har suka bar hutawa a inuwar. Kuma ya faɗi gaban mutane za ya ba gawon shayi ya ga ko yana gumi. Baki ne kawai. Wallahi ban taɓa, wato bai taɓa allurar nan ba.

Yanzu Lurwanu ya ce yaron ke zuba ma allura ruwan zafi. Bai doke shi ba, da ma ya doka. Ya bar yi mishi magana. Akushi guda suke ci tun rasuwar innarsu, yanzu ya raba. Baba ya ce bayan girbi za a kai yaron Alela wurin kawu, ya yi kiwo. Yaro ya rantse, ba wanda ya ɗago kai, don ya saba rantsuwa yana dariya.

Gwaggo, na gaji. Babu darakta, babu mota. Ni ne Muttaƙa, ƙanen Lurwanu. Allo kaɗai na yi, bokon ga a waya na tsince shi. Na ji tsoro in na fara da sunana ke ma ki ce wasa ne.

AMSA

Ɗana Muttaƙa, ranka ya daɗe darakta. Na yarda da kai. Na nuna wa wata masaniyar itatuwa wasiƙarka, ta ce abin ba ya bukatar ruwan zafi. Gangar jikin bishiya ba zafinta ɗaya ba. Gefen da rana ke duka ya fi na inuwa, kusa da ɓawo yana saurin ɗumi, can ciki kuwa sai a hankali. Allura tana yamma, akwati yana gabas, kowanne labarin gefensa yake bayarwa. Wanda ya ɗauki zafin wuri ɗaya ya lissafa numfashin bishiya duka, lissafinsa zai kauce.

Kada ka ɗauki wannan ka je yi wa yayanka gori. Aikinsa ne ke zubewa a hannunsa, ya waiwaya ya ga mai kwaɗo. Kai ka koya masa zarginka. Shi ma ya yi gaggawa da ya yanke hukunci bai gwada ba.

Ka daina rantsuwa. Ka sami Baba, ka roƙa da bakinka a kai ka Alela yanzu, na 'yan kwanaki, Lurwanu ya ci gaba da awo ba ka nan. In saɓanin bai tafi ba, ka wanku. Kafin ka hau mota ka bar masa shafin nan, ya matso da allura kusa da akwati, ya ƙara wasu a kowane gefe, har da mai shiga da zurfi.

Ba na maka alkawarin zai ba ka haƙuri, yayye da yawa ba su iya ba. Ranar da ya kira sunanka, ko aike ne, ka amsa ka tashi, ba dariya. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba shi sa'ar karatunsa.