Karen Bakin Iyaka

Yaya Bawa,

Ka yi haƙuri, ban iya jiran dawowarka daga kasuwa ba.

Da hantsi na fita da mai ɗakina gonarmu ta bakin iyaka, mu gasa tumun farko mu ci, yadda muka saba duk kaka. Ko wuta ban gama hurawa ba, wani kare ya fito daga cikin gero, baki duk kumfa, ya cije ta a ƙafa.

Na samu mota, zan kai ta asibiti Katsina. Tana cewa ba komai, amma ni ban yarda ba.

Ba a kashe karen ba, kuma gari ya nufo. Don Allah kada yara su leƙa ko zaure.

Maharazu