Layin da Na Mayar da Hannuna

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Dokta Mustafa ya kawo mana "injiniya". Halima Sadiya, 'yar Malam Mikail tela na Soron Ɗinki. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da kwamfutocin asibitin nan na Ƙofar Dawanau, yau an samo wadda za ta "duba mana hanyoyi". Har da rusunawa: "Baba Isyaku, ina wuni." Baba! Shekarata hamsin da biyu. Jakarta ta fi ta nauyi.

Laraba, 9 ga Yuli

Ta ce in yi mata bayanin tsarinmu. Na yi mata irin na 'yan firamare. Hoton da injinmu ya ɗauka, na kai ne ko na ƙirji, ba a nan ake karanta shi ba. Tafiya yake cloud, kwamfutocin haya can wata ƙasa, likitan hoto ya buɗe shi daga Legas ya aiko da sakamako. Hanya biyu gare mu zuwa can: wayar fayiba da aka binne a ƙasa, mai sauri, da rediyon kan rufi, mai tafiyar hawainiya, wanda muka ajiye don ranar tsiya. In fayiba ta yanke sai a kira ni, in hau babur in zo in juya hanya da hannu. Minti ashirin, an gama.

Ta ce, "To in ba ka gari fa, Baba?"

Na ce ban taɓa barin gari ba. Ta rubuta wani abu a littafinta. Me za ta rubuta?

Alhamis, 10 ga Yuli

Takardun shaidarta guda huɗu ne, in ji Tani ta wajen karɓar kati. Ko guda ba za ta iya haɗa kan waya ba, na rantse.

Talata, 15 ga Yuli

Taro a ofishin Dokta. Ta haska zane a bango, akwatuna da kibiyoyi, har da launi. So take ta cire duk hanyoyin da na rubuta da hannu, layi-layi, a cikin rawuta, na'urar da ke raba wa saƙonninmu hanya, ta bar wa BGP, wato na'urorin su riƙa gaya wa juna wace hanya ce a raye. Fayiba za ta ba ta fifiko ɗari biyu, rediyo ɗari, saboda abin da zai fita ya bi fayiba. Abin da zai dawo kuwa, wai za ta sa hanyar rediyo ta zama kamar mai nisa a idon cloud, ta maimaita lambarmu sau uku, don kada ya zaɓe ta sai in ba yadda zai yi.

Sai ta ce tun watan Maris sakamako ta rediyo yake dawowa, fita kawai muke yi ta fayiba, shi ya sa shafin likitoci yake jan ƙafa. Wata huɗu ina zagin kamfanin fayiba a waya. Dokta ya kalle ni. Na ce ai na sani, ina bincike ne.

Ban sani ba. Amma ba a gaban mutane ake faɗar irin wannan ba. Rashin tarbiyya ne da aka lulluɓe da ladabi.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ta yi aikinta da safe, ina tsaye a kanta. Layi ashirin da bakwai ta goge, kowanne na san ranar da na rubuta shi. Ta zare wayar fayiba daga rawuta, cikin daƙiƙu komai ya koma rediyo, ta mayar, ya dawo. Tani har da tafi, sai ka ce ta ga rufa-ido.

Dokta ya ce, "Malam Isyaku, yanzu ka huta da hawa babur." Yana dariya. Ni ma na yi.

Litinin, 21 ga Yuli

Ta tafi cin abinci, na zauna na mayar da layi ɗaya. Ɗaya tak: duk abin da za shi wajen hotuna ya bi fayiba. Don kariya ne. Na'ura ba ta da hankali, wata rana za ta zaɓi rediyo haka kawai, hotuna su maƙale, kuma ni za a kira, ba ita ba. Ban gaya mata ba. Ba izininta nake nema ba a ɗakin da ni na sa masa kwan fitila.

Asabar, 26 ga Yuli

Ɗaurin auren ɗan ƙanena a Bichi. Karo na farko da na bar gari ranar aiki. Ai an ce in huta.

Lahadi, 27 ga Yuli

Jiya ban iya ƙarasa rubutu ba.

Ana cikin rabon goro wayata ta yi ƙara, sha ɗaya da kwata. Tani ce. Masu haƙa kwata sun sare fayiba a kan titi. Kwamfutar kati tana aiki, ta wajen magani tana aiki, komai ya koma rediyo, hotuna ne kawai suka ƙi tafiya. Kuma ga mutum a kwance, an ɗauki hoton kansa, rabin jikinsa ya saki. Dokta ba zai ba shi maganin narkar da jini ba sai likitan hoto ya tabbatar ba zubar jini ba ne a ƙwaƙwalwa.

Na ce waye? Ta ce Malam Nata'ala baduku. Maƙwabcina na Mandawari. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi ya yi wa 'yata huɗuba ranar da aka haife ta ina wajen aiki.

Nan take na gane. Yankewar can waje take, fitilar rawuta tana nan kore, layina yana ta tura hotuna cikin matacciyar waya. Abin da aka rubuta da hannu kuwa yana gaba da duk abin da BGP ya koyo. Wannan ko ɗan koyo ya sani. Ni ma na sani ranar Litinin.

Na ɗauki waya zan kira Halima. Na tsaya. Allah ya gani, na tsaya ina tunanin yadda zan faɗa ba tare da na faɗa ba. Minti nawa, ban sani ba. Sai ga kiranta.

"Baba, akwai layi ɗaya a rawuta da ba ni na sa ba. Akwai wani dalili da ban sani ba? Ina tsoron in cire in ɓata wani abu."

Na ce, "Cire shi."

Ta ce to. Ta kashe wayar.

Minti arba'in da bakwai hoton ya yi a hanya. An ba shi maganin. Dokta ya ce an samu shiga cikin lokaci, amma da ƙyar.

Litinin, 28 ga Yuli

Taro. Na sa sabuwar hula, na shirya jawabina: gwajinta ne bai cika ba, ta zare waya a ɗaki, ba ta gwada yankewar waje ba. Kuma gaskiya ne.

Ban samu faɗa ba. Ita ta fara: "Laifina ne ban gwada yankewa daga nesa ba, kuma ban sa abin da zai sanar da ni in an canja wani abu a rawuta ba. Wata tsohuwar hanya ce ta tare hotunan. An cire." Dokta ya ce tsohuwa daga ina? Ta ce, "Daga cikin rawutar, Dokta." Ya dube ta, ya dube ni, ya wuce maganar janareta.

Rawuta tana ajiye sunan wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Ta gani. Tana jin ta yi min alheri ke nan, in riƙa sunkuyar da kai in mun haɗu a baranda. Wayon 'yan boko. Da ta tona ni da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na je duba Malam Nata'ala a ɗakin maza. Bakinsa ya ɗan karkace, hannun dama bai gama dawowa ba. Hannun da yake riƙe basilla. Ya kama ni da na hagu: "Isyaku, an ce na'urarku ce ta cece ni. Allah ya saka maka." Matarsa ma ta yi ta godiya. Na ce amin. Me zan ce?

Na tambayi Dokta a baranda ko da hoton ya isa da wuri hannun zai fi haka. Ya ce ba wanda zai iya sani. Na so ya ce a'a.

Laraba, 6 ga Agusta

Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Har yanzu Baba. Kunnena ya fara sabawa, abin haushi.

Talata, 12 ga Agusta

Na shiga wajen Dokta da safe, kafin ya fara ganin marasa lafiya. Na gaya masa ni na mayar da layin, ban daɗe ba. Ya ce ya riga ya zata, in je in ci gaba da aikina. Ba don ita na yi ba, don in samu barci ne.

Da rana ta ce tana son gwada yankewa daga nesa, amma mutanen kamfanin fayiba ba sa ɗaga wayarta. Ina za su ɗaga? Na kira Umar na kamfanin, wanda muka ja wayar tare, ya kashe mana daga can wajensu na minti biyar. Hotuna suka bi rediyo, suka dawo fayiba da ya kunna. Na sa aka maimaita sau uku, don ban yarda da sau ɗaya ba.

Zanenta har yanzu launin ya yi yawa, kuma ba ta san inda wayar ta bi a ƙarƙashin titi ba. Gobe zan zaga da ita in nuna mata, ramin farko har na ƙarshe. Ita kuma ta ce za ta sake yi min bayanin maimaita lambar nan sau uku. Na ce ba sai ta yi ba, na gane tun ranar farko.

Ƙarfe goma muka yi da ita. Zan zo da biro.