Ni na tura bidiyon matar yayana gasar waƙa, jibi Baba zai rantsar da mu

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, don duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina shi. Yau Laraba nake rubuto muku, jibi Juma'a kuma abin da nake tsoro zai same ni.

Ni ɗan Keffi ne, a Angwan Iya gidanmu yake, shekarata ashirin da biyu. A aji uku na sakandare na ajiye karatu. Na yi okada na bari, na shiga koyon gyaran waya na yi wata biyar na gudu. Babanmu malami ne, magidanta suna ɗaukar karatun littattafai a wurinsa a zaure, kuma kullum maganarsa a kaina ɗaya ce, wai ni ko kaza ta fi ni iya zama wuri guda. Gaskiya ya faɗa. Wuri ɗaya kawai nake iya zama awa biyu ban motsa ba, shi ne shagon askin Sunday da ke bakin titinmu, ranar Lahadi da la'asar idan ana nuna gasar waƙar nan ta talabijin, wadda alƙalai uku suke zama kan kujeru ana fitowa ana rera musu.

Ni fa ba kallo kawai nake yi ba, sharhi nake yi, har wanda ake wa aski sai ya juyo. Abin da nake faɗa kullum shi ne gasar nan ba murya ake zaɓa ba, fuska ake zaɓa da kaya. Yarinya za ta fito ta sha kwalliya, muryarta kamar ana jan ƙofar kwano, alƙalai su miƙe suna tafi. Wani bawan Allah zai taho tun daga ƙauye da rigarsa ɗaya, muryarsa tana tayar da tsigar jiki, sai su ce wai bai iya tsayuwa a dandali ba. Tsayuwa aka zo gani ko waƙa aka zo ji? Sannan a ce masu kallo su tura ƙuri'a ta waya. To wa zai ci in ba wanda ubansa zai iya saya wa unguwa guda kati ba? Ga kuma waɗanda ake nunawa don a yi musu dariya kawai, an san ba su iya ba, amma sai a bar su su gama kunyata kansu a gaban duniya. Ina faɗin duk wannan da ƙarfi, ina jin kaina wani mai gaskiya. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Akwai abokina da muke kira Dogo, shi kuma duk abin da alƙalan suka yi daidai ne a wurinsa. Wata Lahadi muka yi musu har Sunday ya kashe injin askinsa ya tsaya yana kallonmu. Na ce musu masu muryar gaske suna cikin gidaje suna wanke-wanke, ba wanda ya san da su, kuma ni na san wadda in ta buɗe baki duk waɗannan sai su koma gida. Dogo ya ce in kawo ta mana in na isa. Sunday ya yi dariya da irin Hausarsa ya ce, "Kai kullum alƙali, kotu babu. Baki kawai." Shagon duka aka kwashe da dariya. Wannan dariyar ce ta kai ni inda nake yau. A ranar kuma aka sanar a shirin cewa duk mai so ya tura bidiyon minti ɗaya ta waya, za a zaɓi waɗanda za a gayyata.

Wadda nake nufi matar yayana ce, zan kira ta Anti. Shekararsu uku da aure, suna da 'ya ɗaya, a sashen da ke kallon ɗakina suke zaune. Yaya ma'aikaci ne a Abuja, yana fita Litinin ya dawo Juma'a. Anti mace ce mai kunya, ko zaure ba ta bi in ɗaliban Baba suna nan. Ni kaɗai take wasa da ni, irin wasan matar wa da ƙanin miji, ina ce mata matarmu tana ce min oga ƙarami, kuma duk ranar da Baba ya yi min faɗa na ƙi cin abincin gida, ita ke rufe min nawa ta ajiye. Amma Allah ya ba ta murya. In tana wanki ita kaɗai sai ta riƙa rera waƙoƙin kakarta na dā, a hankali, da ta ji motsin mutum sai ta yi shiru.

Wata Talata da hantsi Inna ta tafi barka, Baba yana zaure, ni ina kwance a ɗaki, Anti ta ɗauka na fita. Sai na ji ta fara. Ragar tagata ta yage a gefe ɗaya, na sa wayata a wurin na ɗauke ta. Tana zaune kan kujerar tsugunno gaban baho, da rigar zaman gida, ɗankwalinta ya zame kitsonta a waje, ba ta ma sani ba. Wallahi tallahi ban ɗauka da wata mummunar niyya ba, muryar nake so. Amma wa zai yarda da ni? Da na zo turawa akwai wurin da aka tambaya ko mai bidiyon ya amince, na danna e ko karantawa ban gama yi ba. Na rubuta sunan da ake kiranta da shi na 'yarta, wato Maman wance, na rubuta Keffi, na sa lambata. A raina na ce mutum dubu nawa ne za su tura, wa zai kalli nawa? In kuma sun kira, sai in nuna wa Dogo saƙon kawai in rufe masa baki. Ku duba wautata. Na ji kunyar nuna matar yayana ga mutum biyar a shagon aski, amma na tura ta inda ƙasa duka za ta gani.

Sati uku shiru har na manta. Lahadin da ta wuce muna shagon, sai mai gabatarwa ya ce ga waɗanda aka zaɓa daga gida. Na huɗu sai ga Anti ta cika talabijin, da bahonta, da kitsonta, da sunan a rubuce a ƙasa. Alƙaliya macen cikinsu ta dafe ƙirji ta ce irin wannan muryar suke nema. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan lokaci kaɗan sai da na ji daɗi, na ce ashe dai gaskiya na faɗa. Sai Dogo ya taɓa ni ya ce a hankali, wannan ba tankin ruwan gidanku ba ne da bishiyar gwaiba? Na ce ban sani ba, na tashi na fita.

Kafin magariba an yanko wurin ana ta turawa a waya. Abokan aikin Yaya har suna kiransa suna taya shi murna, wai madam ta zama tauraruwa. Yaya ba mai duka ba ne, ba ya ma ɗaga murya, kuma shirunsa ya fi duka ciwo. Da dare ina jin shi da Anti ta taga. Ya tambaye ta wa ya ɗauke ta, ta ce wallahi ba ta sani ba. Ya ce mutum zai shigo har tsakar gida ya ɗauke ki ba ki sani ba? Ya tuna mata wata rana da suna kallon shirin ta ce da wasa ita ma da ba ta yi aure ba da ta shiga. Ya ce ashe ba wasa ba ne, ƙawarta ta sa ta ɗauke ta, ta yi kamar ba ta gani ba. Tana kuka tana rantsuwa. Ni kuma ina zaune bakin katifa, taku biyar tsakanina da su, ban fita na ce ni ne ba. Washegari da safe kafin ya wuce aiki ya ce ta je gidansu a unguwar Yara sai ya neme ta. Ta goya yarinyar ta fita, Inna na ba shi haƙuri bai ko juyo ba. Duk wanda ya san wannan maganar ya san abin da ke biyo bayanta in ba a yi da gaske ba.

Ranar da yamma wani cikin ɗaliban Baba, dattijo, ya tsaya bayan karatu ya tambaye shi ko da saninsa surukarsa ta shiga waƙa a talabijin kai ba ɗankwali. Baba mutumin da shekara da shekaru yake yi wa mutane wa'azi a kan suturar iyali. Ya naɗe buzunsa ya shigo gida.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne jiya Anti ta kira ni. Na kalli wayar har ta kusa tsinkewa sannan na ɗauka. Muryarta ta dishe. Ta ce, "Oga ƙarami, kai ka san ni. Ka san ba zan yi wannan ba." Na ce na sani Anti. Ta ce babanta ma ya ƙi yi mata magana, mata suna ta shigowa gidan wai gaisuwa, alhali kallonta suka zo yi. Sannan ta ce, "Kai ka koyi gyaran waya, ka san kan abubuwan nan. Don Allah ka bincika min wanda ya tura. Kai kaɗai nake da shi a gidan nan." Kun san me na ce? Na ce in sha Allahu zan bincika. Ni. Har godiya ta yi min, ta sa min albarka. Wane irin mutum ne ni? Masu shirin kuma sun kira lambata sau uku, wai ta tsallake zagayen farko, suna son ta zo Abuja, in ba za ta iya ba su za su zo gida da kyamara. Bayan kiran Anti na cire layin na jefa a aljihun wando, har yanzu ban mayar ba. Na ci musun da na yi a shagon aski, ga abin da na ci.

Baba ya tara mu jiya bayan isha'i ya ce shi ba zai bari a kashe aure a gidansa a kan zato ba. Ya kira Yaya a waya ya hana shi furta komai sai ya dawo. Ya ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za a ɗauko Anti daga Yara, kowa na gidan nan, babba da yaro, zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi ya ɗauka ba, ba shi ya tura ba, bai kuma san wanda ya yi ba. Anti da aka gaya mata cewa ta yi ko yanzu a kawo. Ni kuwa na taso ina jin abin da ke samun wanda ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya. Akwai wani a unguwarmu da aka ce ya yi haka a kan rigimar fili, yau yana nan yana yawo a titi yana magana shi kaɗai. Ko ba wannan ba ma, ni duk lalacewata ina sallah, ina zan kai wannan zunubin? Kuma in na rantse ita ma ta rantse, Yaya wa zai yarda da shi? Ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce za ta tafi.

In kuma na faɗi gaskiya, tambayar farko da Yaya zai yi min na san ta: me ya kai idonka kan matata ta taga? Sau nawa ka yi? Me kuma ke cikin wayarka? Ba wanda zai ji maganar murya ko musun shagon aski. A Angwan Iya za a ce ƙanin miji yana leƙen matar wansa, kuma wannan sunan ba ya goguwa har mutum ya tsufa. Ita ma wasan da take yi da ni a gaban kowa za a juya shi ya zama abin zargi. Na yi tunanin in hau mota in gudu Lafia wurin wani abokina, in turo saƙo daga can. Amma gudu na saba yi, makaranta na gudu, wurin aiki na gudu, in na gudu wannan karon ban san ko akwai gidan da zan dawo ba.

Ɗazu bayan azahar na shigo gida na tarar da Baba tsaye a tsakar gida, daidai inda Anti take ajiye bahon wanki. Wayar Inna na hannunsa, ya kalli bidiyon, ya ɗaga kai ya kalli tanki, ya kalli gwaibar, ya juya a hankali har ya tsaya a kan ɗakina. Na gaishe shi ya amsa. Na zo wucewa sai ya kira sunana, cikakken sunana wanda ba ya kira sai magana ta yi nauyi. Ya ce, "Ragar tagarka ta yage. Ban lura ba sai yau." Na ce e Baba, zan gyara. Ya dube ni ya ce, "Jibi kai za ka ɗauko Alƙur'anin daga ɗakina. Kai za ka fara." Ya miƙa wa Inna wayarta ya koma zaure.

Ban sani ba ko dama yake ba ni in zo da ƙafata kafin Juma'a, ko kuwa jira yake ya ga ko ɗan da ya haifa zai iya dafa littafin Allah a kan ƙarya. Yanzu haka ina jin muryarsa a zaure yana karantarwa, ƙofar a buɗe take, sau biyu ina zuwa bakinta ina dawowa. In same shi shi kaɗai in ɗaliban sun watse? In fara kiran Anti in gaya mata, tunda ita na zalunta kuma ita ke jiran in binciko mata? Ko in jira Yaya in faɗa a gaban kowa, duk abin da zai faru ya faru? 'Yan uwa, kwana ɗaya ya rage min. Me zan yi?