Ƙaron da na cusa a ƙahon Tanko

Assalamu alaikum jama'ar maƙabartar Abaji gaba ɗayanku, manya da ƙanana, tsofaffin zuwa da sababbin zuwa, na gindin ɗorawa da na bakin hanya. Ni ne Sale Mai Saiti, babban maigadi a wata ma'aikata a Abuja, wanda sai ya ɗaga hannu motar oga take shiga. Ina gaisheku duka. Amma ku ɗan matsa, da taubashina Tanko maharbi nake son magana.

Tanko, nasan bazaka karanta wannan takarda ba. Dama ko kana raye ba iya karanta rubutuna kake ba, ni kaina in ya kwana biyu sai in ganshi kamar sawun kaji. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Ladi matarka lafiya, yara lafiya. Abuja kuwa tunda farar hula suka karɓa sai gini ake ta yi, kowa da wayar salula a kunne, harda ni, sai dai bata kamawa a wajenku. Masarar da ka shuka kafin ka kwanta ta yi goyo. Ita ce abincin gidanka na bana, babu wani. To birai sun ji labarin rasuwarka. Akwai wani ƙaton gwaggon biri da yake jansu, na sa masa suna Darakta, don yafi kowa tumbi kuma shi yake fara ci.

Ranar sadakar arba'in Ladi ta bani adakarka, bindigar nan mai baƙin baki, da jakarka. Ni kuwa na miƙe gaban jama'a na bugi ƙirji nace ko zangarniya ɗaya bazata ɓata ba muddin ina numfashi. Duk Asabar sai in hau mota daga Mararaba in taho. Harbin farko na samu reshen kuka. Na biyu bansan inda ya tafi ba, ƙila yana Lokoja. Darakta ko tashi bai yi ba, sosa ciki kawai ya yi yana kallona.

Yanzu ga maganar da na daɗe ina ɓoye maka.

Ka tuna ƙahon gadar nan da kake auna albarushi da shi? Cike ɗaya, ɗuri ɗaya. Tun kafin ka auri Ladi, lokacin bindigarka tana harbinka kamar jaki, darma tana zuwa inda ta ga dama. Wata rana a kasuwa ka ce min bawanka a gaban ƴanmata, suka yi ta dariya. Na ji haushi. Na faki idonka na tauna ƙaro na cusa shi can gindin ƙahon, don albarushi ya ragu, bindiga ta yi tusa, nima in rama dariyata.

Kashegari ka kayar da gada daga can nesa, harbi ɗaya. Daga ranar baka ƙara kuskure ba. Mutane suka ce asiri ka samo. Sarkin baka ya riƙa zaunar da kai kusa da shi. Ni kuma na ja bakina na yi shiru, ina kallon mugunta ta zama alheri.

To kasan Ladi da tsabta. Kafin ta bani ƙahon sai da ta wanke shi tas da ruwan zafi. Ƙaro ya narke, sirri ya bi ruwa.

Shi ne na shiga bincike. Na kafa kwali a jikin suri, na auna taki arba'in. In sa ƙaro kaɗan a ƙaho, in harba sau uku, in zagaye ramukan da gawayi, in canza kwali, in ƙara ƙaro. Da ƙaho wankakke, ramuka sun watse kamar ma'aikata ranar Juma'a, kafaɗata kuma ta kumbura. Da na cika ƙaro da yawa, darma ta gaji a hanya ta tono ƙasa. Amma a tsakiya, Tanko, sai na ga ramukan sun fara matsowa kusa da juna, har tafin hannuna ya rufe biyu.

Wai meye dalili? Ni a ganina in ka ƙara wa abu ƙarfi ai miƙewa zai yi. Ko bindiga ma tana ƙoshi ne ta rasa hankalinta? Kuma me ya sa harbin safe da raɓa ya bambanta da na azahar, alhali ƙahon ɗaya ne, hannun ɗaya ne? Ita kanta adakar tana da awonta ne da babu wata mai irinsa? Wani oga a ofis da ya yi zama a ƙasar waje yace Turawa ma haka suke auna albarushi, da ɗan sikeli da littafi. Nace masa ai ni tun ina saurayi na ƙirƙiro wannan ilimi, da haƙorina.

Yanzu na tsaya tsakanin biyu. Ƙaro kamar ƙwayar wake, ko kamar ƙwayar gyaɗa. Duka biyun sun kusa, babu wanda ya zauna daram. Albarushin da ka bari kuma saura ɗuri biyu. Bazan ƙara ɓata shi a kwali ba, na Darakta ne. Masara zata nuna nan da mako guda, in na kuskure shi sun gama da ita kafin in dawo.

Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a tsakar gidanka ina tauna ƙaro ina cusawa, sai Ladi ta ganni. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta koma kuka. Wai haka kake yi duk farkon damina, ka ƙwaƙule tsohon ka sa sabo. Wai har suna ka sa masa, ƙaron Sale.

Ashe ka sani, ɗan banza! Tun yaushe? Ranar farko ko daga baya? Duk shekarun nan ina sunkuyar da kai in ana yabonka, kai kuma kana kallona kana ƙunshe dariya? Cinyar gadar da kake aiko min duk sallah, ashe godiya ce? Ka ci ni, Tanko. Na yarda, ni ne bawan. Na tambayi Ladi girman ƙaron, tace baya kake juya mata in zaka sa.

Saboda haka ka aiko min da awon. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka zo min a barcin rana da nake yi a bakin geti, tsakanin azahar da la'asar, lokacin oga baya fita. Ka buɗe hannu kawai in gani, wake ne ko gyaɗa. Kafin Asabar don Allah, yaranka masarar nan suke jira. In ka yafe min, ka taho da dariyar nan taka.

Ka huta lafiya. Allah ya haskaka makwancinka.

Naka, Sale Mai Saiti, wanda har yanzu bai saita komai ba sai kai.