Lemon Kaltume da Ruwan Kwata

Malama, ki taimake ni da shawara, ni da jikata mun kusa daina gaisawa a kan ruwan kwata. Ban yi boko ba, maƙwabcina Sama'ilu ke rubuta min, na kuma ce kada ya gyara min magana.

Sunanta Nafisat, ta karanto harkar ruwa, ta dawo Roni ta haƙa rami a bayan gida, ta jera tsakuwa da yashi da gawayi. Wai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani ne za su zauna a ciki su cinye dattin ruwan wanka da wanke-wanke. Ta tsoma wata 'yar na'ura mai aika mata saƙo a waya. Wari dai ya ragu, sauro ma, ba zan yi mata ƙarya ba.

To, a bakin tsohuwar kwatar akwai bishiyar lemon tsami. Marigayiya matata Kaltume ta dasa ta shekarar da ta tare, da ruwan wankanmu ta girma. Yarinyar nan ta toshe kwatar, ta juya ruwan zuwa raminta, ta ce ba za a shayar da shuka ba sai na'ura ta nuna ruwan ya tatu. Ga rani, ganye ya fara zuba. Mu da can ganyen nan ke gaya mana in sabulu ya yi yawa, ba waya ba. Na ce zan fasa toshiyar, ta yi kuka. Ban faɗa mata wadda ta dasa ba, da furfurata ba na irin wannan magana.

Tsohon Roni

Amsa

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Inna Kaltume.

Kada ka fasa toshiyar. Ruwan zai kauce wa matatar, wato ramin da ta haƙa, ƙwayoyin su mutu, wari ya dawo. Makonni suke ɗauka kafin su kama aiki, a nan Nafisat ta fi ka gaskiya. Kai ma kana da taka: na'ura ruwa take aunawa, ba ta san ƙishin bishiya ba.

Kafin nan, ka mayar da alwalarka gindin lemon, a riƙa ƙara masa bokitin ruwan rijiya. Ka nemi ta juyo bakin bututun matatar wajensa, ya zama shi zai fara sha.

Sai kuma abin da kake gudu. Ita itace take gani da taurin kan kakanta, don ba ka ba ta labarin ba. Ka kira ta inuwar bishiyar ka ambaci sunan Kaltume. Ina kyautata zaton ita za ta riga ka ɗaukar bokiti.

Allah ya raya lemon, ya bar ku tare.