Abin da Ba Ki Koya Mini Ba, Inna

Inna, ina gaishe ki, Allah ya sa ƙasa ta yi miki sanyi. Na san ba mai kai miki takardar nan. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma ba ta faɗuwa ga mai rai.

Maraɗin da kika sani babu ita. Ruwan Gulbi ya ci tsohon gari, kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ya sa muka hau tudu. Cinikin gujiya ya jawo baƙi ko ta ina, har sai in ratsa unguwa ban ga wanda zan kira da sunansa ba.

Ungozomancin da kika bar mini ina nan ina yi, sai dai aikin ya sake. A zamaninki jaki ake turo miki daga Tibiri da Jiratawa, kafin ki wanke hannu an kira ki wani gida. Yanzu ƙauyukan nan sai mata da tsofaffi. Samari wasu an kwashe su aikin dole, wasu lanho, harajin Nasara, ya kore su ƙasar Ingilishi. Sai damina ta wuce ba a aiko mini daga can ba. Nan birni kuwa ciki ya yi yawa, amma ba kowane ake so a gani ba. Mata kan zo mini da mayafi har hanci, ba don in karɓi haihuwa ba.

Inna, Habsu autarki ma ta zo.

Mijinta ya tafi Kano tun tana goyo, ba aike, ba saki. Ta dawo wurina, tana kai fura inda ake awon gujiya. Ban tambaye ta ko cikin na wane ne ba. Ta durƙusa ta roƙe ni saiwar da za ta sha. Na ce mata ba ki koya mini ba, kuma gaskiya na faɗa. Na ce mu tafi Jiratawa wurin Gwaggo har ta sauka, ni zan goya abin da aka samu in ce nawa ne. Ta ce to. Ashe wata mai magani ta nufa a bakin kasuwa.

Jinin bai tsaya ba. Duk abin da na ga kina yi na yi. Da muka kai ta likita, ya duba ya girgiza kai.

Ga abin da ban taɓa ce miki ba: na san kin san maganin nan. Ina yarinya na sha ganin mace ta shigo, ki saki asabari, ki aike ni rijiya alhali randa cike take. Ban tambaya ba, ba ki faɗa ba. Kare ni kika yi? Da kin koya mini gwargwadonsa, da Habsu tana raye? Ko da hannuna za ta tafi? Wa zan tambaya?

Ɗanta yana wurina, ya fara kirana Inna, ban hana shi ba.

Jiya wata yarinya ta zo daga Tibiri, ita ma mijinta ya daɗe da tafiya. Ta zauna tana murza bakin zane. Na ba ta ruwa, na ce ta dawo ran Juma'a. Inna, Juma'a jibi ce, kuma ban san abin da zan ce mata ba.

Ki huta lafiya. Idan Habsu ta iso, ki riƙe ta.

Ɗiyarki ta fari,
Rabi